Zuwa ga furodusoshi da daraktocin Kannywood: ina baƙar mace a fim ɗinku?

Assalamu alaikum iyayena, yayyena da ƙannena masu shirya fim da masu ba da umarni, da ku masu situdiyon waƙa na Zoo Road da sauran lungunan garin nan. Ya aiki, ya kasuwa, ya iyali. Allah ya ƙara buɗi ya sa a gama lafiya.

Ni ba 'yar fim ba ce, sana'ata kwalliyar amare da ƙunshi, shekara 13 ke nan ina yi a cikin Kano, kuma ina daga cikin masu kallonku tun zamanin da ake zuwa Ƙofar Wambai sayen kaset, har yanzu da komai ya koma waya da YouTube. Dan haka abin da zan faɗa ba maganar maƙiyi ba ce, maganar 'yar gida ce da abu ya daɗe yana cin ta a rai.

Satin da ya wuce aka kawo min wata amarya ranar kamu. Yarinyar nan na san ta tun tana goye, baƙa ce irin baƙin nan mai sheƙi kamar kullum an shafa mata man kaɗanya, ga ido ga haƙora, duk unguwar an san kyakkyawa ce. Wallahi da ta cire niƙabi sai da na yi salati. Wata uku kafin biki aka haɗa mata mai, kumatunta sun ƙone sun yi jawur, gaɓoɓin yatsu sun yi baƙi ƙirin sun ƙi bin sauran jikin, jijiyoyi kore-kore sun fito a hannu, ina sa mata hoda tana cije leɓe dan fatar ta yi laushi ta zama kamar ledar biredi, lalle ma da na zo sawa cewa ta yi Anti a hankali zafi yake min. Sai ta ciro waya ta nuna min hoton wata jaruma ta ce Anti haka nake so na fito, angon ma haka yake so. Na gama mata aikinta na yi mata addu'a suka tafi, ni kuma na zauna a shago na kasa cin abinci. Ranar na ce sai na rubuto muku.

Ban ce ku kuka ƙirƙiro son farar fata ba, Allah ya gani. Tun kafin a haifi wasunku ake cewa farar mace alkyabbar mata, farar mace lantarkin gida, iyayenmu da kansu in an haifi jariri kunne suke fara dubawa su ga ko zai rine. Sannan ga fina-finan Indiya da aka shekara da shekaru ana haskawa a Plaza da Orion da Marhaba da El Dorado, iyayenmu suka taso a kansu mu ma muka taso a kansu, kuma kowa ya san yadda Indiyawa suka ɗauki farar fata. Amma ku duba, su kansu Indiyawan surutu ya yi musu yawa har a 2020 kamfanin Unilever ya cire kalmar da ke nufin fari daga sunan man nan nasu Fair & Lovely ya koma Glow & Lovely. Can da muka kwaso abin an fara jin kunyarsa, mu nan kuma kamar yanzu muka fara.

Abin da yake naku shi ne wannan. Tun 1990 da aka fara fim ɗin bidiyo na Hausa a garin nan, ku ne madubin da 'ya'yanmu suke dubawa, sun fi ganinku a kan malaman makarantarsu. To ku zauna tsakaninku da Allah ku ƙirga, a fina-finan da kuka yi cikin shekara goman nan, sau nawa baƙar yarinya ta fito a matsayin wadda ake so, wadda samari biyu suke rigima a kanta, wadda ake yi wa waƙa a lambu? Sau nawa kuma ta fito 'yar aiki, ko 'yar ƙauye mai tallan goro, ko muguwar kishiya mai bin boka, ko ƙawar jaruma da aikinta kawai ta kai saƙo? Akwai baƙaƙen jarumai mata da suka yi suna, ban manta da su ba kuma ina yi musu jinjina dan na san da ƙyar suka kutsa, amma ai kowa yana gani da idonsa yadda yarinya take shigowa harkar da kalarta ta Allah, bayan shekara biyu ka ga hotonta ka kasa gane ta. Ba haka kawai ta tashi ta yi ba, wani abu ta gani, wani abu aka gaya mata.

Na san ana gaya musu dan a gabana aka taɓa yi. Shekarun baya an ɗauke ni kwalliya a wani lokeshan, ba zan faɗi na waye ba, aka ba ni wata sabuwar yarinya wankan tarwaɗa ma ce ba baƙa can ba, na yi mata kwalliya daidai fatarta ta fito tsaf, sai mai ba da umarnin ya leƙo ya ce Hajiya ƙara mata haske mana, kyamara ba ta son duhu. Na ƙara. Ya ce ƙara dai. Har sai da fuskarta ta rabu da wuyanta kamar an ɗora mata ta wata. Yarinyar ba ta ce komai ba amma na ga idonta ya kawo ruwa, kuma ni da na shafa da hannuna har yau abin yana damuna.

Wannan magana ta cewa kyamara ba ta son duhu ita nake so mu tsaya a kai, dan ba gaskiya ba ce, kyamara abin da aka saita ta a kai shi take bi. A Amurka tun wajen shekarun 1950 kamfanin Kodak yana raba wa masu wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya, da fatarta ake gwada kala a ce hoto ya fito daidai, shi ya sa aka daɗe in an ɗauki baƙin mutum sai ido da haƙori kawai ake gani. Gyara aka yi daga baya, ba baƙaƙen ne suka canja fata ba. Yau kyamarorin da ke hannunku sun fi ƙarfin wannan matsalar nesa ba kusa ba. Baƙar fata ba a watsa mata fitila gaba da gaba kamar ana neman ɓarawo, haske take so mai laushi wanda ya daki wani abu ya dawo, ta gefe, a shafa mata mai kaɗan dan ta riƙa mayar da hasken, a saita kyamarar a kan fuskarta ba a kan farin bangon da ke bayanta ba, a zaɓa mata atamfa ko leshi mai kalar da za ta tashe ta. Ni da nake ɗaukar amarena da waya a bakin taga da hantsi na san wannan, balle ku da kuke da masu ɗaukar hoto ƙwararru. Kuma in aka shafa wa baƙa faundeshin da ya fi ta haske, da filashi ya haska sai ta yi toka-toka kamar ta fito daga gidan niƙa, sai a ce ai ga shi nan baƙa ba ta kyau a hoto, alhali kayan ne ba nata ba.

Mu masu kwalliya mun sha wannan wahalar. Da can in ka shiga Sabon Gari neman hoda ta baƙar mace sai ka zaga ka gaji, kala uku ko huɗu ne duk na farare, sai dai mu haɗa da jagira mu dama mu samu abin da ya yi kusa. A 2017 mawaƙiyar nan Rihanna 'yar tsibirin Barbados ta fito da kayan kwalliyarta Fenty Beauty da faundeshin kala 40 a tashi ɗaya, har da na baƙi wuluk, mata suka yi wawarsa, manyan kamfanonin da suka shekara suna cewa babu kasuwa a gurin baƙaƙe dole suka bi sahu. Kuma ba ita ta fara ba. Sama da shekara ɗari da suka wuce an yi wata baiwar Allah a Amurka ana ce mata Madam C.J. Walker, an haife ta 1867 iyayenta bayi ne da aka 'yanta, wankau take yi, gashinta ya riƙa zubewa ta haɗa man gashi na baƙaƙen mata ta riƙa bi gida-gida tana sayarwa, ta koya wa dubban mata sana'ar, kafin ta rasu a 1919 ta zama miloniya da guminta. Duk lokacin da na tuna ta sai na tuna masu kitso da masu dilka da halawa da masu haɗa humra da turaren wuta na cikin lungunanmu, waɗanda suke riƙe da gidaje da marayu da wannan sana'ar. Ina fim ɗinsu? Wallahi labari ne a zube a ƙofar gidanku.

Kar a ce na tsani farare, a'a. Kano gari ne da ya tara kowa, Fulani da Buzaye da Shuwa da jikokin Larabawan da suka zo fatauci tun zamanin ayari, farar da Allah ya yi fara kyakkyawa ce kuma 'yar'uwata ce, ƙanwata ma uwa ɗaya uba ɗaya fara ce. Allah da kansa ya faɗa a Suratur Rum aya ta 22 cewa saɓanin harsunanmu da launukanmu yana daga cikin ayoyinsa. Ummu Aiman da ta reni Manzon Allah (SAW) baƙar mace ce 'yar Habasha. Rigimata da farin kanti ce, da kuma abin da yake tura yarinya ta je ta saya.

Dan abin ya wuce maganar ado, ya zama maganar asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa fitar da ƙiyasin cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da man ƙara haske, a 2023 kuma NAFDAC ta ce bilicin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. Abin da ke cikin haɗin nan da ake damawa a roba ba suna ba takarda, yawanci haidrokwinon ne da ke hana fata yin sinadarin melanin, shi kuma melanin ɗin shi ne rigar da Allah ya yi mana saboda rana, ku tuna ranar Kano a watan Afrilu da zafi yake haura digiri 40. Sai sitiroid da ke sa fata ta yi siriri ta riƙa tsagewa, ga nankarwa ga ƙuraje ga ciwo ya ƙi warkewa, mace ta zo haihuwa a yi mata aiki ɗinki ya riƙa ba da wahala. Sai makyuri da ke lalata ƙoda, har jaririn da ke ciki ko yake shan nono bai tsira ba. Kodebuwa ta hana irin waɗannan mayukan tun 2015, Ruwanda ma ta bi su kasuwa-kasuwa tana kwashewa. Mu kuma yanzu har yara ƙanana ake shafa wa, da idona na ga 'yar shekara huɗu da gwiwa baƙa fuska fara an kawo ta ƙunshin sallah. Hukuma za ta iya kama mai sayarwa, amma ba za ta iya cire wa yarinya son abin daga zuciya ba. Wannan ku ne kuke da mabuɗinsa, dan ku kuke nuna mata wadda ake so.

In kuna shakkar ko fuska ɗaya a allo tana canja wani abu, ku nemi jawabin da jarumar fim Lupita Nyong'o 'yar Kenya ta yi a 2014, shekarar da ta ci Oscar, babbar kyautar fim ta Amurka. Da bakinta ta ce tana yarinya addu'a take yi Allah ya sa ta farka da safe ta ga ta yi haske, kullum ta duba madubi ta ga tana nan yadda take, har sai da ta ga Alek Wek mai tallan kayan sawa, 'yar Sudan ta Kudu baƙa wuluk, duniya tana ce mata kyakkyawa, sannan ta fara yarda da kanta. Mace ɗaya ta gani. 'Yata ta biyu shekararta 9, baƙa ce kamar ni, rannan muna kallo ta ce Umma me ya sa kullum mai kama da ni ita ce take wanke-wanke? Ban samu amsar da zan ba ta ba, ku nake so ku ba ta.

Sai magana ta biyu, ita ma ta daɗe a raina, maganar murya. Fuskar baƙar mace kun ɓoye ta a bayan hoda, muryar mace kuma kun ɓoye ta a bayan jaruma. Salon nan na wata ta rera wata ta motsa baki daga Indiya muka ɗauko, to amma a Indiya wa bai san Lata Mangeshkar ba? A 2001 ƙasarta ta ba ta lambar girma mafi girma da ake ba farar hula, da ta rasu a 2022 zaman makoki aka yi na ƙasa baki ɗaya. Mu mun ɗauko salon mun bar karamcin a can. Fati Nijar da ta taso daga Maraɗi ta zo ta zauna da mu, Maryam Fantimoti, Zuwaira Isma'il, Maryam A. Baba, da wasu da yawa kafin su da bayansu, muryoyinsu ne suka sayar da fina-finai ba adadi, da su aka yi bikin rabin matan garin nan, ni kaina su nake kunnawa a shago in ina zana ƙunshi. Amma sau da yawa sai ka buɗe waƙa a YouTube ka ga sunan mawaƙi namiji, ka ga sunan jarumi da jaruma, har sunan mai kiɗa, ita kuma wadda ta ɗauki rabin waƙar da muryarta babu ita, ko a ce mata 'yar amshi a wuce gurin. Dan Allah me zai rage ku in kun rubuta sunanta a sama kusa da nasa? In an biya ta kuɗin shiga situdiyo sau ɗaya waƙar kuma ta shekara tana kawo kuɗi a intanet, a sa mata kaso a rubuce mana, haƙƙi ne, kuma kun fi ni sanin abin da addini ya ce a kan haƙƙi.

Mu fa ba yau muka fara waƙa ba. Nana Asma'u 'yar Shehu da waƙa ta karantar da mata ta hannun malamai matan da ta horar, waɗanda ake ce wa jaji, har ƙauyuka, da Fulatanci da Hausa da Larabci, ta rasu tun 1864 amma har yau ana rerawa. A nan Kano an yi Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu masu rubutacciyar waƙa, an yi Uwaliya Mai Amada. Ga uwa uba Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, Allah ya jiƙanta, da ƙwarya a kife da 'yan amshinta mata ta shiga kowane gida a ƙasar Hausa, ta yi wa mata waƙar su tashi su kama sana'a, ta yi ta haihuwa, ta yi ta kishi, ta faɗi abin da matan cikin gida suke faɗa a tsakar gida in maza sun fita. Ni kaina ba dan irin maganganunta da nake ji a bakin mahaifiyata ba, da ban ɗauki ledar lalle na fara zane ba. Ta rasu a 2013, shekara nawa ke nan, har yau ban ga fim ɗin rayuwarta ba, ban ga wata kyauta da aka sa wa sunanta ana ba mawaƙa mata duk shekara ba. Waƙoƙin daka da na niƙa da na gaɗa da na reno da kiɗan shantu duk suna tafiya tare da tsofaffinmu, injin niƙa da waya sun cinye su, ku kuma kuna da kyamara da makirfo a hannu.

Ku dubi maƙwabtanmu. Oumou Sangaré ta Mali Musulma ce kamar mu, mahaifiyarta zabiya ce mai waƙa a gidan biki da suna, ita ma tun tana ƙarama take bin ta dan su samu na abinci, kaset ɗinta na farko da ta yi tana 'yar shekara ashirin da ɗoriya sunansa ma mata yake nufi da yarensu, a ciki ta yi magana a kan auren dole, yau duniya ta san ta, ta gina otal a Bamako, Mali tana alfahari da ita. Angélique Kidjo ta nan Jamhuriyar Benin sau 5 tana cin Grammy, babbar kyautar waƙa ta Amurka. Tems tamu ta Legas ta ci a 2023 ta sake ci a 2025. Sai babbarsu Miriam Makeba ta Afirka ta Kudu, Mama Afirka, wadda gwamnatin wariyar launin fata ta soke mata fasfo a 1960 lokacin da take son komawa jana'izar mahaifiyarta, a 1963 ta tsaya a gaban Majalisar Ɗinkin Duniya ta tona musu asiri, ta yi shekara 30 ba ta taka ƙasarta ba, da yawa a ciki a Gini ta yi su, sai 1990 ta koma bayan an saki Mandela. Duk yawon duniyar da ta yi da gashinta na Allah ta yi shi da fatarta yadda take, a lokacin da ake ganin sai ka miƙar da gashi ka yi kama da Bature kafin a saurare ka.

Na san wani a cikinku zai ce Hajiya kin kawo mana matan waje, shigarsu ba tamu ba al'adarsu ba tamu ba. Gaskiya ne, kuma ban ce a kwaikwayi shigar kowa ba, muna da addininmu da kunyarmu, ga hukumar tace fina-finai nan tana sa ido. Baƙar yarinya da mayafinta da ɗaurin ɗankwalinta da kwallinta da jan lalle a hannu, a haska ta yadda ya kamata, wallahi ba ta buƙatar aron komai a gurin kowa. Wani kuma zai ce kasuwa ce, abin da masu kallo suke so muke ba su. To masu kallon ai mu ne, mata ne suka fi kallon fim ɗin Hausa kun sani, kuma yawancinmu baƙaƙe ne da wankan tarwaɗa, a gwada mu mana a gani. Ku kuka koya mana son dogon fim mai zuwa sati-sati da ba mu saba da shi ba, muka karɓa hannu bibbiyu.

Roƙona kenan iyayena da yayyena. A cikin masu dogon zangon da za ku fara bana, ko guda ɗaya ne a ba wa baƙar yarinya jaruma, ba dan labarin yana magana a kan baƙinta ba, kawai ita ce likitar, ita ce amaryar, ita ake so. In sabuwar yarinya ta zo neman shiga, kar wanda ya ce mata ta je ta gyara fata tukuna, kuma ƙungiyoyinku irin su MOPPAN su sa baki a wannan. Jarumai mata ƙannena ku ma dan Allah ku duba irin man da kuke yi wa talla a Instagram da TikTok, yaran da suke saya ba su da kuɗin ganin likitan fata in abu ya ɓaci. Duk wanda ya shirya yin irin wannan fim a cikinku kuma yake tunanin kwalliya ce za ta ba shi matsala, mu masu sana'ar muna nan da yawa a gari, ni da kaina zan zo lokeshan da kayana kala-kala na baƙar fata, ranar farko ban ce a ba ni ko sisi ba, zan taho da 'yata ta gani.

Na gode da haƙurin karantawa, in na faɗi abin da ya ɓata wa wani rai a yafe min.

Taku,
Mai kwalliyar amare da ƙunshi, daga cikin birnin Kano.